Filin Bayan Zugurma

Jos, Fabrairu

Gwaggo Helen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi, kuma kina shan maganin hawan jinin a kan kari, ba sai kanki ya fara sarawa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin Jos da har yau ban saba da shi ba. Kin san dokar makarantar nan ta horar da masu bishara, ana karɓe mana waya sai ƙarshen zango. Shi ya sa na ba Haliru direba wannan takarda, tunda motarsa ba ta fashin zuwa Kontagora.

Gwaggo, zan yi aure. Na faɗe shi kai tsaye don in na tsaya kwana-kwana tsoro zai hana ni. Sunansa Matthew, ajinmu ɗaya, ɗan Beri ne, iyayensa manoma. Ba shi da surutu, amma in ya ce zai yi abu to ya yi. Mun yi addu'a, mun shawarci malamanmu, muna so a ɗaura a Disamba bayan an yaye mu.

Tun rasuwar Baba da Mama ke kika riƙe ni, ba ni da wata uwa sai ke. Abu ɗaya nake roƙo: ki zauna a kujerar uwar amarya ranar. Kuma ke za ki ɗaura min ɗankwali, kamar yadda kika saba kowace Lahadi kina faɗa wai kaina ba ya riƙe ɗauri.

Ki gaishe min da Fasto Andrew da matan zumunta.

'Yarki,
Tabita

Kontagora, Maris

Tabita,

Na gode da tambaya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Jini kuwa lafiya lau yake har sai da na buɗe takardarki.

Beri! Sai da na goge tabarau na sake dubawa, ko Bari kika rubuta, wato in bari. Duk samarin da ke Jos, masu karatun likita da na lauya, 'ya'yan mutane masu sa takalmi da safa, ba ki ga kowa ba sai wanda aka haifa a gindin rumbu. Na yi aikin jinya a garin nan har na yi ritaya, na san mutanen Beri sarai. Su ne masu kawo mara lafiya a bayan babur bayan sun gama ɗura masa saiwoyi, su tsuguna a ƙasa ga benci a gabansu. In sun buɗe baki kuma mace ma "kai" ce. Shi ne za ki kawo min ya ce min "Gwaggo, ka kwana lafiya?"

Tun da kika ajiye takardar shaidar malanta kika ce Allah ya kira ki, na yi shiru, don ba a ja da Allah. Amma na lura kiran nan bai taɓa faɗa wa 'ya'yan masu hali ba. 'Yar Mama Luka tana banki a Minna, ko sau ɗaya ba a kira ta ba. Ke marainiya ce aka ga dama. Yanzu ga mai wa'azi zai auri mai wa'azi, ku zauna ku riƙa yi wa juna amin har yunwa ta raba ku.

Ni ce shugabar zumuntar mata a majami'ar nan, kin sani. Auren 'ya'yan mutane nawa na tsaya a kai, na zaɓi anko, na raba abinci? Idon kowa yana kaina, musamman Mama Luka, wadda ba ta da aiki sai ƙirga kuskurena tana murmushi. Ki gaya min da wane baki zan tashi a gabansu in ce surukina ɗan Beri ne, kuma abin da ya mallaka a duniya jakar littattafai ce?

Batun kujera, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ki fara gaya min inda yaron nan zai ajiye ki. In ɗakin ciyawa ne ki faɗa, in san irin kukan da zan yi.

Ki riƙa sa rigar sanyi.

Gwaggonki,
Helen

Jos, Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da gwiwar ba ta ƙaru ba. Na ɗan yi mura amma ta wuce.

Na karanta takardarki, na yi kuka, daga baya kuma na yi dariya. Gwaggo, a Sahon Rami aka binne Kaka, mahaifinki. Na taɓa zuwa, kuma ban ga masu safa a can ba. Baba har ya rasu "kai" yake ce wa Mama in ya manta, ba ta taɓa fasa amsawa ba. Ban faɗa don rashin kunya ba, amma Matthew bai yi miki komai ba tukuna, ki bari ya yi sannan ki zage shi.

Kin tambayi inda zai ajiye ni. Amsa ta zo a makon nan. An ba mu fili a bayan Zugurma. Mun je da malaminmu mun gani. Gwaggo, babba ne ƙwarai, mun yini a kan babur ba mu kai ƙarshensa ba, kuma ba wanda ya taɓa yin aiki a cikinsa. Mutane da yawa a ajinmu sun so a ba su, amma Matthew aka zaɓa don ya san yaren wurin kuma ya san noma. Tun da muka dawo ban iya barci sosai ba don murna.

Za a tura mu aikin gwaji ƙauyukan bayan dutse, za mu daɗe, saƙo ba zai same ni ba sai mun dawo. Matthew zai riga ni dawowa, zai je gida Beri, kuma na ce ya biyo ya gaishe ki. Don Allah ki ba shi ko ruwa ne.

Har yanzu ina jiran amsar kujera.

Tabita

Kontagora, Mayu

'Yata Tabita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Lafiyata ƙalau, gwiwar ma kwana biyu ta yi shiru. Ina fata murar ba ta dawo ba.

Ke ma dai da wauta! Me ya sa ba ki fara da wannan ba tun a takardar farko? Kika bar ni ina ta ɓata bakina. Fili a bayan Zugurma, wanda ake yini a babur ba a kai ƙarshensa ba! Ƙasar wajen nan in ka jefa tsakuwa sai ta tsiro. Masara, waken soya, ridi, har shinkafa in akwai fadama. Ashe yaron nan shiru-shirunsa na masu abin hannu ne. Ki ce masa ya yi maza a yi takardu a buga siminti a kusurwoyi, kada 'yan uwa su farka.

Ranar Lahadi da aka ce masu shaida su fito, na tashi da sabon leshina. Ban yi dogon bayani ba, surutu na marasa shi ne. Cewa kawai na yi, "Ku taya ni godiya, 'yata Tabita za ta yi aure, kuma an ba su fili a bayan Zugurma." Na koma na zauna, na bar su da shi.

Da kin ga majami'a! Nan take aka ɓarke da guɗa. Fasto Andrew ya sa kowa ya miƙe, ya yi doguwar addu'a Allah ya tsare ku a filin nan, ya kare ku daga mugaye. Na ce amin da ƙarfi, don na san rigimar ƙasa ba wasa ba ce. Mama Luka kuwa har da hawaye. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Mama Helen, ba kowace uwa ce za ta iya wannan ba. Ni kam ba zan iya ba." Na ce a raina, ai na sani, bankin Minna ba ya ba da ko taku ɗaya na ƙasa. Hassada in ta yi yawa ta ido take fita.

Sai dai matan nan rowarsu ba ta da magani. Sun fara tara miki kayan aure, kin san me suka kawo? Gidan sauro, fitila mai cajin rana, tukunyar tace ruwa, da kwalin maganin zazzaɓi. Matar mai gona guda ake wa wannan! Na karɓa na yi godiya na tura ƙarƙashin gado. Anko dai ni na zaɓa, shuɗi mai zanen zinariya, kuma kowa ta saya ko tana so ko ba ta so.

Kujera kuwa, wa zai zauna in ba ni ba? Ki bar min batun ɗankwali, na riga na ajiye wanda zan ɗaura miki. Matthew ya zo, ƙofa a buɗe take.

Uwarki,
Helen

Kontagora, Yuli

Tabita,

Ina raye. Kada ki tambayi jini.

Mutuminki ya zo. Na yanka kaza, na fito da farantan da ba na fitarwa sai Kirsimeti. Ya shigo da riga mai guntun hannu da buhun gyaɗa a kafaɗa, ya tsuguna a bakin ƙofa, ga kujeru reras. Na ce ba komai, masu ƙasa haka suke, ba sa nunawa. Bayan ya ci, na ce, "To ɗana, filin nan eka nawa ne?" Ya dube ni kamar na yi masa Turancin Ingila. Na ce, "Tarakta za ku ɗauka ko shanu?" Sai ya ajiye ƙashin kaza ya ce, "Gwaggo, ka yi haƙuri, ba gona ba ne. Filin bishara ne. Ƙauyuka ne da ba su da majami'a, can aka aike mu."

Ka yi haƙuri! A cikin falona, da kazata a bakinsa.

Na ce to ina za ku zauna? Ya ce mai gari ya ba ku aron ɗaki ɗaya, rufin yana yoyo amma zai gyara kafin biki. Ruwa fa? Akwai rafi. Asibiti fa? Ya ce ai Allah yana nan. Na yi aiki da Allah a ɗakin haihuwa tsawon rayuwata, kuma ban taɓa ganin ya hana a nemi nas ba. Bai yi min dariya ba, wannan kam na yaba masa. Da ya yi, da buhun gyaɗarsa ya bi shi a ka.

Ke kuma, wace irin Hausa ake koya muku a makarantar nan? Tun da aka haife ni fili fili ne, abin da ake aunawa a gina ko a shuka. Kun je Jos kun ɗauki kalmar mutane kun cusa mata wata ma'ana, kin rubuto min ba ko ƙarin bayani, kin bar ni na tashi a gaban ekklisiya da leshi. Yanzu duk Kontagora ta san 'yar Helen za ta auri mai ƙasa. Ranar biki za su tambaya, shi kuma zai buɗe bakin nan nasa ya ce ba gona ba ne. Ina ganin fuskar Mama Luka tun yanzu.

Ga sharaɗina. Ba na ce ku yi ƙarya ba. In an tambaye shi ya ce ana kan shirye-shirye, ya yi shiru. Ke ma haka. Bayan biki ku tafi dajinku, in shekara ta zagayo in ce rigima ta cinye filin, kowa ya san ana yi. In kun yarda, zan zauna a kujera. In ba ku yarda ba, ku nemi wata uwar a Beri, suna da yawa, kuma ba sa bukatar kujera.

Helen

Jos, Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kuma ina roƙon Allah ya sauko miki da jinin. Mun dawo daga aikin gwaji lafiya, na rame kaɗan. Takardunki biyu na tarar tare a wurin mai gadi. Na fara buɗe ta Mayu, tun a layi na uku na gane abin da ya faru. Laifina ne da ban rubuta "filin bishara" cikakke ba. A nan haka kowa ke cewa, har na manta akwai wani filin. Ki gafarce ni.

Amma Gwaggo, akwai abin da ya fi wannan yi min ciwo. A takardar Mayu kaɗai kika taɓa kirana 'yarki a rubuce. Matthew na Maris da Matthew na Mayu mutum ɗaya ne, rigarsa ma ɗaya ce. Eka kawai kika ƙara masa ya zama ɗanki.

Ba za mu iya sharaɗinki ba. Shirun da kike so ƙarya ce da ta rufe baki. Ba zan fara aikin gaya wa mutane gaskiya da wannan ba, kuma ba zan sa mijina ya sunkuyar da kai a ranar aurensa don abin da bai ji kunyarsa ba. Tunda ba kya son a yi a gabanki, za a ɗaura a majami'arsu ta Beri, Asabar ta biyu a Disamba. Na aika wa Fasto Andrew katin gayyata.

Za a ajiye kujerar. Ba zan ba kowa ba.

Tabita

Bayan Zugurma, Janairu

Gwaggo,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Muna lafiya. Rufin ya daina yoyo, ko da yake ba a yi ruwa ba tukuna balle mu tabbatar. Ban san lafiyarki ba. Da aka ba mu wayoyinmu na kira ki har na gaji, a kashe. Haliru ya ce ƙofarki a kulle take tun Agusta, maƙwabta suna cewa kin tafi ganin likita a Minna, amma shi yana ganin shanyarki a igiya.

An ɗaura aure. Bari in gaya miki yadda aka yi, don ba wanda zai gaya miki in kin ci gaba da ɓuya.

Muna shirin shiga majami'a sai ga bas biyu daga Kontagora. Matan zumunta ne, kaf ɗinsu, cikin shuɗin ankon da kika zaɓa, da gangunansu da tulunan kiɗa. Na ce a raina, yau za a tambayi eka. Mama Luka ce ta fara sauka, ta rungume ni ta ce, "Ina jarumar uwarki? Jikin ne har yanzu?"

A wurin cin abinci ta karɓi makirfo. Ta ce shekara da shekaru suna tara baikon kuɗi don aikin bishara kowace Lahadin mishan, suna addu'a Allah ya aika wani bayan Zugurma, kowa tana addu'a tana ɓoye nata 'ya'yan a bayan zane. Ta ce ranar da kika tashi kika ce an ba 'yarki fili, ba tare da ko rawar murya ba, ita kunya ce ta sa ta kuka, don ta san yadda hanyar nan take, kuma ta san ke 'ya ɗaya gare ki. Ta ce tun ranar ba ta ƙara yi miki kallon mai girman kai ba.

Gwaggo, sun gane. Tun ranar farko sun gane. Ba mace ɗaya a majami'ar nan da ta ɗauka gona ce. Gidan sauron da fitilar da tukunyar tace ruwa, kayan mai tafiya fili ne, sun san abin da suke saya. Ke kaɗai ce, shugabarsu, mai zama a layin gaba kowace Lahadin mishan, ba ki taɓa jin abin da ake faɗa ba. Ina tsammanin kina duba ɗaurin kan mutane ne.

Ba wanda ya yi miki dariya. Ba wanda ya san akwai abin dariya, sai ni da Matthew, kuma shi ko ni bai taɓa tayar wa da zancen ba. Kin kulle kanki wata da watanni kina gudun kunyar da ba ta wanzu ba, kika bar ni na shiga majami'a ba uwa.

Kujerar tana nan a gaba har aka tashi. Uwar Matthew ta ƙi zama a tata, ta ce ba za ta zauna ba alhali ta uwar amarya ba kowa. Ta shimfiɗa zane ta zauna a ƙasa kusa da ita. Na san abin da za ki ce game da mutanen Beri da zaman ƙasa, ki riƙe shi.

Ga hoto na sa a ciki. In kin ga dama ki ba Haliru kayan da ke ƙarƙashin gado, yanzu yana biyowa ta Zugurma, sauro a nan ba ya wasa.

Tabita

Kontagora, Fabrairu

Tabita,

Ina lafiya. Na koma majami'a ranar Lahadi. Suka miƙe tsaye da na shigo, Mama Luka ta matsa min wuri. Ban taɓa jin zaman da ya yi min tsawo kamar wannan ba.

Na ba Haliru kayan. Na ƙara da maganin ciwon ciki da na zaɓa da kaina, don kwalin da suka saya rabinsa shirme ne. Ki tafasa ruwan rafin nan ko kin tace shi. Gyaɗar mijinki na soya, ba laifi, ta yi mai. Ki gaya masa na ce ya iya riƙe baki, kuma ba kowa nake gaya wa haka ba.

Na ga hoton. Rigar ta yi miki yawa a kafaɗa, telan Beri ne ai. Majami'ar ko fenti babu. Na ga kujerar, ta roba ce, na ga matar a ƙasa. Na ɗauki tabarau na duba, na ajiye, na sake ɗauka.

Wa ya ɗaura miki ɗankwalin nan? Ya karkace ta hagu. Kanki ba ya riƙe ɗauri, sai an ja ta baya an soke sau biyu, kuma duk duniya ba wanda ya san haka sai ni. Wanda na ajiye miki yana nan cikin akwati, ko ninkinsa ban warware ba.

Ki tambayi Haliru ko motarsa tana kaiwa wajenku, ko sai an hau babur.

Uwarki,
Helen